Ɗage zama, hutu, da “sai baba ta gani”

Wani mai karatu ya aiko da tambaya kamar haka: “Malam, na ji a rediyo an ce majalisar dokokin jiha ta ɗage zama har sai baba ta gani, washegari wata tashar ta ce sun tafi hutu. Duk abu ɗaya ne? Kuma wace ce babar?”

Ɗan’uwa, ba ɗaya ba ne. Mu fara da “ɗage”, domin kalma ce mai fuska biyu. In aka ce an ɗage dokar hana fita, an kawar da ita ke nan, kowa ya kama gabansa. In kuwa aka ce an ɗage biki, bikin yana nan, rana ce kawai aka matsar. Ɗage zaman majalisa irin na biyun ne. Galibi shugaban masu rinjaye ke miƙewa ya nemi a ɗage zama zuwa rana kaza, wani ya mara masa baya, kakaki ya nemi ra’ayin zaure, masu cewa “e” su rinjayi masu cewa “a’a”, ya buga guduma, a ɗauke sandar majalisa. Zaman ranar ya ƙare.

Akwai kuma ɗagewar dole. A Najeriya, sashe na 96 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai da kashi ɗaya bisa uku na ’yan majalisar jiha zama ke yiwuwa. Majalisa mai mutum 24, wato mafi ƙarancin da sashe na 91 ya yarda da shi, tana buƙatar mutum 8. In wani ya miƙe ya ce ba a cika ba, aka ɗan jira aka ƙirga aka ga har yanzu da saura, wajibi ne mai jagorantar zaman ya ɗage shi. A jihar Texas ta Amurka kashi biyu bisa uku ake nema, wato mutum 100 cikin 150 na majalisar wakilansu. Shi ya sa a 2003 da 2021 ’yan majalisar na jam’iyyar Demokrat suka fice daga jihar ɗungurungum don a rasa adadin. Wannan bai kamata mai fassara ya kira shi hutu ba, ƙaurace wa zama ne.

Hutu shi ne dogon tashi da aka tsara, na makonni, aka kuma sa ranar dawowa. Sashe na 101 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya bar wa kowace majalisar jiha ikon tsara dokokinta, har da yadda za ta tafi hutu da yadda za a kira ta. Kalmar tana ɗan ɓatar da mutane, don zaure ne kawai ke rufe. Kwamitoci na iya ci gaba da aiki, ana kuma iya katse hutun in abu na gaggawa ya taso. Ko suna yin aikin ko ba sa yi, wannan ba hurumin mai nazarin harshe ba ne.

To, sai baba. Maganar tana nufin ba a sa rana ba, kuma ba a ɗauki alkawarin sawa ba. “Ta gani” ya nuna mana babar mace ce, dattijuwar da aka jingina wa hukunci, wadda ba mai iya matsa mata ta gaggauta. Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi, maganar tana da ɗan ba’a a cikinta. Wanda aka ce masa bashinsa sai baba ta gani, ya san an sallame shi ne cikin raha. Saboda haka ɗan jaridar da ya sa ta a kanun labari ya riga ya saka ra’ayinsa, ko ya sani ko bai sani ba. In labari tsura ake so, “ba tare da sa ranar dawowa ba” ta wadatar, ko “har illa ma sha Allahu”, mai taushi ba zolaya.

Kuma a doka babar ba ta da wannan sakewar. Sashe na 104 ya wajabta wa majalisar jiha zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 105 ya ce shekara huɗu daga ranar zamanta na farko ta rushe da kanta, sai gwamna ya fitar da sanarwar kiran sabuwa. A nan karin maganar da ya dace shi ne “komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo”.

Wata malamar makaranta ta tambaya ko “dakatar” da “jingine” za su iya maye gurbin “ɗage”. Malama, kowace da mazauninta. Ana dakatar da zama na ɗan lokaci, a ce hayaniya ta kaure ko za a yi ganawar sirri, sannan a dawo a ɗora daga inda aka tsaya a ranar. Ana kuma dakatar da ɗan majalisa, amma ba a ɗage shi. “Jingine” ta ƙudiri ce ko rahoto: an ajiye shi gefe, zama na ci gaba da sauran abubuwan da ke kan takardar ranar. Ki koya wa ɗalibanki su guji “soke” a duk waɗannan, domin abin da aka soke ba a komawa kansa, sai dai a sake gabatar da shi daga farko.