Za a iya duba lafiyar tsohon gini ta tabaran VR?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne. Na ga bidiyon masana sanye da tabaran VR (mai nuna wa mutum siffar wuri ta kwamfuta kamar yana tsaye a cikinsa) suna kewaya tsohon gini alhali suna cikin ofis. Wannan duba ne na gaske ko burga ce? Zai iya maye gurbin zuwa wurin?

Amsa: Ɗan'uwa, duba ne na gaske, amma tabaran da ya burge ka shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Ƙashin bayan lamarin awo ne.

Ana kafa na'urar lesa a kan ƙafafu uku kamar kyamarar mai hoto. Tana juyawa tana harba haske, duk inda hasken ya bugi bango ya dawo sai ta rubuta nisan wurin a matsayin ɗigo ɗaya. A ɗauke ta a kai wata kusurwa, a sake. Inda ba ta kai ba, kamar saman rufi, sai a tura jirgi maras matuƙi ya ɗauko hotuna ɗaruruwa masu hawa kan juna, kwamfuta ta fitar da siffa daga cikinsu. Idan aka haɗe ɗigon nan, ginin ne ke tsayawa a kwamfuta da ainihin awonsa, har da karkatarsa.

Cocin Notre-Dame na birnin Paris ya ishe mu misali. An fara gina shi a 1163. Wani masanin tarihin gine-gine mai koyarwa a Amurka, Andrew Tallon, ya auna shi da lesa shekaru kafin gobara, ya tara ɗigo wajen biliyan ɗaya, kuskuren awon bai wuce milimita 5 ba. Awonsa ya nuna cewa wasu ginshiƙan ba su kan layi ɗaya, abin da mai ziyara zai wuce bai lura ba. Ya rasu a Nuwamba 2018. Ranar 15 ga Afrilu 2019 wuta ta cinye rufin katakon, hasumiyar tsakiya ta faɗi ta huda rufin dutsen da ke ƙasa.

Nan aikinsa ya yi rana. Darmar da aka lulluɓe rufin da ita ta narke, ƙurarta mai guba ta baɗe wurin, ga duwatsu na reto a sama. Ba kowa ake bari ya shiga ba, har da mutum-mutumin inji aka kwashe wasu tarkacen. Masu binciken CNRS, cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, suka sake auna ginin, suka ɗora sabon awo a kan na Tallon, aka ga inda ya motsa da inda bai motsa ba. Akwai wani bakan gizon dutse mai riƙe rufi da ya rufto. Aka ɗauki siffar duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya, aka riƙa gwada mayar da kowanne mazauninsa a kwamfuta. Dutsen da sai da ƙugiya ake ɗaga shi, a can da yatsa ake juya shi. An sake buɗe cocin a Disamba 2024. Af, labarin da ya yaɗu cewa da siffar wani wasan kwamfuta na kamfanin Ubisoft aka gyara cocin ba haka ba ne. Ta wasa don kyan gani aka yi ta, ba don awo ba.

To ina amfanin tabaran? Yana ba ka girman abu yadda yake. Tsagar da ke allo kamar zare, idan ka tsaya gabanta a VR za ka ga hannu zai shige. Kuma injiniya da magini da masanin tarihi za su iya tsayawa ƙarƙashin rufi ɗaya suna nuni da yatsa, kowa yana garinsu, ba wanda ya hau tsani.

Amma lesa fatar gini kawai take gani. A Notre-Dame ɗin, sai da wuta ta yaye katakon aka ga ƙarafan da magina suka ɗaure duwatsun saman bango da su, bincike kuma ya nuna an fara sa irinsu a ginin tun shekarun 1160. Duk ɗigon Tallon ba su nuna waɗannan ba. Ruwan kashe gobara da duwatsun suka sha, da raunin da zafi ya yi musu, sai da aka ɗebi samfuri aka kai ɗakin gwaji.

A ginin ƙasa irin namu abin ya fi tsanani. Gara na iya cinye azara ta bar mata ɓawo lafiyayye, danshi na iya zagwanyar da tubali a bayan yaɓe mai sheƙi. Tsohon magini ƙwanƙwasa bango yake yi ya saurara. Idan ya ji amon ganga, ya san ciki ya rabu. Ga shi kowace damina da kowane sabon yaɓe suna sauya siffar bangon, don haka awo ɗaya ba ya isa. Idan za ka yi aikin karatunka a kan wannan, zaɓi bango guda, ka ɗauke shi da kyamarar waya kafin ruwa ya sauka, ka sake bayan kaka, ka ɗora su ka ga abin da damina ta ci. Ka tafi da magini ranar ɗauka ta biyu.