Kambun baka: ya halatta a ɗebi ƙasar sawun wadda ake zargi a ɓoye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, daga Daura nake rubutowa. Na je suna da yarona ɗan wata 14, mata suna ta ɗaukarsa suna yaba ƙibarsa. Yayar mijina, wadda dama ba ma ga-maciji da ita, ta ce "wannan yaro kamar ana hura shi", ba ta ce tubarkalla ba. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi, ya ƙi nono, duk ya zube. Wani mai ruƙiyya ya ce kambun baka ne, in ɗebo ƙasar sawunta ko in ɗauraye kofin da ta sha ruwa ba da saninta ba, in yi masa wanka. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya. Kafin ki gama karanta amsar nan, ɗiyata, ki goya shi ki kai shi asibiti a gwada jininsa. Yaron da zazzaɓi ya hana shi kama nono ba a kwana da shi a ɗaki ana jiran fatawa. Zazzaɓin cizon sauro kan shanye jinin ƙaramin yaro cikin 'yan kwanaki, har ya kai ga jijjiga. Neman magani bai kore tofi ba, ki haɗa su biyun.

Kambun baka gaskiya ne, wannan babu saɓani. Amma ki sake duba abin da kika rubuta da hannunki. Kin ce mata da yawa sun yaba yaron, kin ce sai bayan kwana uku ciwon ya zo, sannan cikin taron nan kaf kika tsame mace ɗaya, wadda dama akwai 'yar tsama tsakaninku. Nan hukuncin ya canza. Abin da ke hannunki zato ne, kuma zaton da ɓacin rai ya riga shi shiga zuciya. Ki sani kambun baka ba sai daga maƙiyi yake fitowa ba; uwa ma tana iya kama ɗanta da shi saboda tsananin sha'awa.

Wankan da Sunna ta zo da shi sananne ne a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Amiru ɗan Rabi'a ya ga Sahlu ɗan Hunaifu yana wanka, ya yaba fatarsa bai sa albarka ba, nan take Sahlu ya faɗi. Annabi (SAW) ya kira Amiru ya yi masa faɗa, ya umarce shi ya wanke fuskarsa da hannayensa da gwiwoyin hannu da na ƙafa da gefen ƙafafunsa da cikin gyautonsa a ƙwarya, aka kwarara wa Sahlu ruwan, ya miƙe garau. Haka Ibnu Abi Zaidin ya siffanta shi a Risala da ake karantawa a zaurukanmu.

Na san wasu malaman wannan zamani, cikinsu har da manya, sun sauƙaƙa a ɗauki abin da jikin wanda ake zargi ya taɓa, kofi ko tufafi ko mariƙin ƙofa, idan ana jin nauyin tunkararsa. Hujjarsu an jarraba an ga amfani. Ban gamsu da wannan ba. Sahlu a take ya faɗi, an ji abin da aka faɗa, an san wanda ya faɗa. Shi Amiru da kansa ya yi wankan yana sane, kuma an ayyana gaɓoɓin da zai wanke. Ina wannan ina ƙasar da kowa ya taka a tsakar gida? Shi kuwa "an jarraba" ba ya tabbatar da komai a nan, domin yara nawa ne zazzaɓi ke saki bayan sun sha magani, sai a jingina warakar ga ɗaurayen kofi? Ko da mun sallama musu cewa akwai amfani, toshe ƙofar ɓarna ginshiƙi ne a mazhabarmu ta Malikiyya. A ƙasar nan ɗibar sawu aikin bokaye ne, kowa ya sani. Ranar da aka gan ki durƙushe kina kwasar ƙasa a bayan yayar mijinki, babu mai cewa Sunna kike bi. Cewa za a yi asiri za ki yi mata, ko kin jefe ta da maita. Mun ga inda irin wannan ta kai: a tara jama'a a tilasta wa tsohuwa tsallake maras lafiya, a bar 'ya'yanta mata da tabon da zai hana su aure. Saboda haka kada ki yi.

Ruƙiyya ba ta bukatar sanin wanda ya yi. Ki ɗora hannu a kansa ki karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafinki ki shafe jikinsa safe da yamma. Ki riƙe addu'ar da Annabi (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini, ki ce: "U'izuka bi kalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah." Tofin uwa ya fi na haya, kuma ba a biyan ko sisi. Mai ruƙiyyar da bai aike ki asibiti ba, ya aike ki bayan sawun dangin mijinki, ki daina zuwa wurinsa.

Idan zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki faɗa wa maigidanki cikin lalama. Shi zai iya roƙon manyan gidan duka, har da ke da shi, kowa ya yi alwala a kwano ɗaya a zuba wa yaron, ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. Wanda aka roƙa kada ya ƙi, hadisin Muslim ya yi umarni da haka. Yayar mijinki kuwa gwaggon yaron ce. Ki aika a gaya mata ba ya jin daɗi, ta zo ta duba shi. Allah ne mafi sani.