Tambaya da Amsa: 'Yan Huɗun Kronos da Gogen Turawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wasu mutum huɗu suna goga kayan kiɗa tare da wata mawaƙiya 'yar Mali, an rubuta Kronos Quartet. Su wane ne, kuma tun yaushe suke? Ɗalibi daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙungiya ce ta Amurka, David Harrington ya kafa ta a birnin Siyatil a 1973, bayan ya ji kiɗan Black Angels na George Crumb a rediyo, wanda aka rubuta a 1970 ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Kiɗan na mutum huɗu ne, sai ya nemo ukun da za su kaɗa shi tare. A 1978 suka zauna a San Faransisko, a wajajen lokacin kuma John Sherba da Hank Dutt da Joan Jeanrenaud suka shigo.

Kujerun huɗu ba sa canzawa: bayolin biyu, biyola ɗaya mai ɗan kaurin murya, sai celo, babban da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Mutane ne ke sauyawa. Jeanrenaud ta bar celo a 1999, kujerar ta bi hannu uku kafin Paul Wiancko ya karɓa a 2023. Sherba da Dutt sun yi ritaya a 2024, Gabriela Díaz da Ayane Kozasa suka maye gurbinsu.

A ganinmu abin da ya raya su shi ne ƙin dogaro da kiɗan magabata irin su Haydn da Beethoven. Marubutan kiɗa masu rai suke biya su rubuto musu sabo. Na farko malamin Harrington ne, Ken Benshoof, kuma ladansa ƙunshin donot ne, wato fanken Turawa. Yau abin da aka rubuta musu ya haura 1,000. Fayafayensu biyu sun shafe mu: Pieces of Africa na 1992, da ya haɗa Hamza El Din mai garayar Larabawa da Foday Musa Suso na Gambiya da Obo Addy na Gana, sai Ladilikan na 2017 tare da Trio Da Kali. Mawaƙiyar da ka gani ita ce Hawa Kassé Mady Diabaté ta Trio Da Kali.

Tambaya: A wajenmu akwai uban kiɗi da 'yan amshi. Su wa ke ja musu gaba, tunda ban ga mai ba da umarni ba? Malama daga Runjin Sambo.

Amsa: Babu mai tsayawa gabansu da sanda, Malama. Kowa da takardarsa, kuma muryoyin huɗu daban suke, ba amshi ba ne. Mai bayolin na farko kan ba da alamar farawa da jan numfashi da ɗaga sandar goge, amma in waƙar ta koma hannun mai celo, shi za a bi.

Aikin kan fara da ɗaurin tsirkiya. Kowane kaya tsirkiya huɗu gare shi. Da haruffa ake kiran tsirkiyoyin, kuma ana daidaita ta A a kan kaɗawa 440 a daƙiƙa, daga ita a ɗaure sauran. Nan matsala ta farko take: in kowa ya ɗaure nasa tsirkiya bayan tsirkiya da kunne kaɗai, C ta biyola da celo kan faɗo ƙasa kaɗan, ta yi faɗa da E ta bayolin. Maganin shi ne a ɗan ɗaga ta. Sannan a karanta sabon kiɗan a hankali, a rubuta da fensir inda sanda za ta hau da inda za ta sauka, don in ɗaya ya ja sama ɗaya ya ja ƙasa, nauyin sautin kan bambanta. Da yake marubucin yana raye, akan kira shi wurin atisaye ya gyara abin da yatsa ba zai kai ba. Masu koyo su nemi shirinsu na Fifty for the Future: kiɗa 50 ne, takardu da sauti kyauta a intanet.

Tambaya: Za a iya haɗa gogenmu da nasu a nan Sakkwato? Mai goge daga Gidan Igwai.

Amsa: Ƙwarai kuwa, maigida. Dukansu izgar doki da ƙaro ke fitar da muryarsu, kuma bayolin ba shi da matakala a wuyansa, yatsa na iya sauka ko'ina. Su huɗun ne za su bi ɗaurin goge, kamar yadda dole a bi balafon, kayan kiɗan katako na Trio Da Kali, tunda ba ya sauyuwa nan take. In za a sa kalangu, a ba masu tsirkiya makirufo, in ba haka ba ya danne su.

Babban abokin gaba shi ne hunturu. Katakon bayolin na son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, namu kuwa a Janairu yakan yi ƙasa da haka sosai. Katako ya tsuke, maɗaurai su zame, manne ya buɗe, wani lokaci fuskar ta tsage. A ajiye shi cikin akwatinsa da ɗan soso mai laima a gwangwani mai huji, kada ruwa ya taɓa katakon, kada kuma a bar shi cikin mota da rana.