Fatawa: Na karanta labarin Holo da Lawrence har na yi kuka, shin imanina ya taɓu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a. Ina karanta wani jerin ƙagaggun labarai na ƙasar Japan da aka fassara zuwa Turanci, sunansa Spice and Wolf. Labarin wani bafatake ne, Lawrence, da wata macen kerkeci mai rikiɗa ta koma budurwa, Holo, wadda mutanen wani ƙauye suka ɗauka ita ke ba su albarkar alkama. Su biyu suke yawon fatauci, so yana shiga tsakaninsu a hankali. Yayana ya gani a wayata, ya ce shirka nake karantawa, wai duk wanda ya so abin bautar wasu ya bar Musulunci. Gaskiya ina son Holo, har kuka na yi mata. Imanina ya taɓu? Sannan ƙawayena suna so in riƙa fassara musu da Hausa ina tura musu. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yata, ki kwantar da hankalinki, imaninki yana nan. Karanta ƙagaggen labari da tausaya wa wadda ke cikinsa ba ya fitar da Musulmi daga addini. Kishin addini ne ya motsa yayanki, Allah ya saka masa, amma ya yi gaggawa a wurin da gaggawa ke da hatsari. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan mutum ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, lalle kalmar za ta koma kan ɗayansu. Ki gaya masa wannan cikin ladabi, kada ki mai da shi gardama.

Malaman usulu suna cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san ko mene ne shi, don haka sai mu fara da littafin. Isuna Hasekura ne ya rubuta shi, juzu'in farko ya fito a Japan a 2006, fassarar Turanci ta fara fitowa a 2009, kuma asalin labarin ya kammala a juzu'i na 17 a 2011, kafin a ci gaba da ƙarin wasu daga baya. Irin littattafan nan ne da ake yi wa matasa, masu sauƙin karatu da zane jefi-jefi a ciki. Duk da Bajapane ne ya rubuta, duniyar labarin ta fi kama da Turai ta zamanin da: coci mai ƙarfi, garuruwa masu ganuwa, kuɗin azurfa da na zinariya. Shi ma kerkecin da ke zaune cikin alkama tsohon camfi ne na manoman Jamus, waɗanda in iska ta kaɗa hatsi sukan ce kerkeci ne ke wucewa.

Asalin ƙagaggen labari halal ne, muddin mai ji ya san ƙage ne. Ƙaryar da aka haramta ita ce ba da labarin abin da bai faru ba don a gaskata shi. Wadda ta ce wa yara gatanan gatananku ta riga ta sanar da su abin da ke tafe, ba wanda zai kira ta maƙaryaciya don gizo ya yi magana. Kuma wannan ba sassauci ba ne na zamani. Maƙamat ta Hariri, wanda ya rasu a 516 bayan Hijira, ana karantar da ita a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, alhali Abu Zaid da ke cikinta mayaudari ne na ƙage, kuma Hariri da kansa ya kare aikinsa a gabatarwa da misalin labaran da ake sa wa dabbobi a baki. Kalila wa Dimna kuwa fassara ce ma, daga Indiya ta biyo ta Farisa kafin Ibnul Muƙaffa ya mayar da ita Larabci. Ke nan zuwan labari daga ƙasar da ba ta Musulmi ba bai isa ya haramta shi ba.

Masu hanawa suna da hujjar da ya kamata a saurara. Aya ta 6 a Suratu Luƙman ta zargi wanda ke sayen maganar shagala don ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah. Wasu masu tafsiri sun ambaci cewa ta sauka ne a kan Nadru ɗan Haris, wanda yakan kawo labaran Rustum da Isfandiyar daga Farisa, ya zauna yana ba Ƙuraishawa don su bar sauraron Alƙur'ani. Duba da kyau, labaran jarumtar wata ƙasa ne aka shigo da su, kusan irin abin da kike tambaya a kai. Sai dai ayar ta faɗi dalilin zargin, wato ɓatarwa daga hanyar Allah da mai da ita abin izgili. Laifin Nadru shi ne abin da ya nufa da labaran da kuma yadda ya sa suka maye gurbin sauraron Alƙur'ani. Wannan shi ne ma'aunin da za mu auna littafinki da shi.

Batun abin bauta, wanda ya fi tsorata ki, shi ne ya fi sauƙin warwarewa. Ambaton kafirci daban, yarda da shi daban. Alƙur'ani ya kawo maganar Fir'auna cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, muna karanta ta a cikin salla. Abin da kika so a Holo ai ba allantaka ba ce. Kin tausaya wa wata da ta yi ɗaruruwan shekaru tana cika alkawari ga ƙauyen Pasloe, in amfani ya yi ƙasa a zage ta, da suka samu sababbin dabarun noma suka yi watsi da ita, ta fito tana neman hanyar gida Yoitsu cikin kaɗaici. Ita kanta a labarin ba ta jin daɗin a ɗaukaka ta. Tausayi ne irin na ɗan Adam ga wanda aka ci moriyarsa aka yar, kuma ba laifi a cikinsa.

Duk da haka akwai iyaka, kuma ba zan raina ta ba. Wanda ya ƙudurta cewa wani abu ban da Allah yana da ikon ba da damina ko hana ta, ya yi shirka. A hadisin Zaidu ɗan Khalid, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, bayan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da tauraro kaza ya kafirce wa Allah. Suratul Waƙi'a, aya ta 63 da 64, ta tambayi manoma: ku ne kuke tsirar da shi ko Mu? Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan, don kakanninmu sun yi wa Uwar Gona yanka kafin tauhidi ya kafu. Saboda haka kada wasa ya ja ki ga rantsuwa da Holo, ko kiranta da laƙabin allantaka a bakinki, ko rataya hotonta don neman sa'a. Kada kuma a bai wa ƙaramin yaron da bai gama sanin Ubangijinsa ba.

Inda nake so ki tsaya ki yi tunani sosai shi ne dangantakar mutanen biyu, abin da yayanki bai ma ambata ba. Akwai alheri a ciki, ba zan ɓoye ba. Lawrence ya ɗauki alkawarin kai ta gida, ya riƙe shi ko da ya ja masa asara. Suna shawara, suna saɓawa su shirya, kowa yana koyon faɗin abin da ke ransa. Tsoron da ke cin Holo, cewa shi zai tsufa ya mutu ita tana nan yadda take, tunatarwa ce cewa duk wata haɗuwa ta duniya rabuwa ce ƙarshenta. Sauraron labarin zamantakewar namiji da mace ba aibu ba ne. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba Annabi dogon labarin mata 11 da kowacce ta siffanta mijinta, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mata shi a wurinta kamar Abu Zar'in ne a wurin Ummu Zar'in.

To amma a wane yanayi aka gina wannan so? Namiji da mace, ba aure, ba muharrami, a keken doki ɗaya da rana, a ɗakin masauki ɗaya da dare, ga giya ana sha kamar ruwa, juzu'i bayan juzu'i, aure sai can a ƙarshe. Marubucin ya nuna wannan keɓewa a matsayin abu mai tsabta da ba ya haifar da komai sai shaƙuwa. Shari'a ta gaya mana akasin haka: namiji ba ya keɓewa da mace face Shaiɗan ne na ukunsu, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Shirkar da ke fili zuciyar mumina takan ture ta nan take. Abin da aka lulluɓe da kunya da barkwanci da tausayi shi ne ke shiga ba sallama, har wata rana ki ji zama da saurayi ku biyu a mota ko doguwar hirar tsakar dare a waya ba komai ba ne, tunda ai niyya mai kyau ce. Wannan nake ji miki, fiye da kerkecin alkama.

Haka nan batun tsiraici. Tun farkon haɗuwarsu an siffanta ta ba sutura, kuma zane yana biye da irin wannan. Bukhari ya ruwaito hanin mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallonta, wanda ke nuna cewa siffantawa da kalmomi tana iya ɗaukar hukuncin kallo. Umarnin runtse ido a Suratun Nur ya haɗa mata kamar yadda ya haɗa maza. Duk shafin da ya motsa sha'awa, a rubuce ko a zane, tsallake shi wajibi ne. Auren mutum da wata halitta kuwa ki bar shi a matsayin tatsuniya, domin Allah ya ce daga jinsinmu ya halitta mana matan aure.

Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne fataucin da ke cikin littafin, don ɗalibar fiƙihu za ta iya yin bita da shi. A juzu'in farko ana yaɗa cewa za a ƙara azurfa a wani kuɗi, alhali rage ta ake yi a ɓoye, Holo ta gane daga ƙarar kuɗin. Sa'idu ɗan Musayyib ya ce, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, yanke zinariya da azurfa yana cikin ɓarna a bayan ƙasa. A juzu'i na 2 wani attajiri ya karkata teburin awo don tauye barkono, aikin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa alkawarin azaba. Holo ce ta gano shi, Lawrence kuwa maimakon ya tsaya kan haƙƙinsa sai kwaɗayi ya sa ya matsa masa ya ba shi sulke bashi fiye da jarinsa, farashi ya faɗi, ya koma fasa-ƙwaurin zinariya don ya tsira. Labarin yakan yaba wa wayo ko da ya taka haƙƙi. Ke kuwa ki karanta da idon wadda ta san halal da haram, kada nasarar jarumi ta wanke miki hanyar da ya bi.

Hukuncin karantawa, to, ya danganta da mai karatu. Ga baliga irinki, wadda aƙidarta ta zauna, take tsallake abin da ya saɓa kunya, kuma karatun bai ci sallarta ko Alƙur'aninta ko darasinta ba, ya halatta. In ya fara cinye dare har asuba ta kuɓuce, ko kika ga wata guda kin gama juzu'i da yawa ba ki buɗe Mus'hafi ba, kin shiga ƙarƙashin ayar Luƙman, barinsa ya zama dole. Haka in kika ji yana sauƙaƙa miki abin da Allah ya hana. Ke kika fi kowa sanin zuciyarki a nan, ni zahiri kawai nake iya yi wa hukunci.

Fassarawa da rarrabawa kuwa ban ba ki fatawar yinsa ba, saboda dalili biyu. Mai karatu nauyin kanta kawai ta ɗauka, mai yaɗawa kuwa ta ɗauki na duk wanda abin ya isa gare shi, kuma saƙo in ya bar wayarki ba ki da iko da inda zai sauka, har hannun 'yar shekara 12. Sannan littafin yana da masu shi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da Shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta shi, kuma kasancewar mai shi ba Musulmi ba bai zubar da haƙƙinsa ba. Wannan ya shafi kwafin da ke wayarki ma, in ta hanyar sata aka samo shi. Ba laifi ki ba ƙawayenki labarin a taƙaice da bakinki, ku tattauna abin da ya dace da wanda bai dace ba. In kuma kina da baiwar alƙalami, kamar yadda tsarin tambayarki ya nuna, rubuta naki: fataken goro da suka yi ta bin hanyar Gwanja daga Kano suna da alkawari da kaɗaici da asara da riba da za su cika littattafai, kuma kina iya ɗaura auren tun kafin ayari ya tashi.

Wallahu a'alam.