Shawarar Lauya: Mai Zamiya Ya Yi Karo Da Ni A Hyalite, Yanzu Yana Neman Diyya

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jihar Montana da ke Bozeman, a Amurka. Abokan karatu ne suka koya mini hawan ƙanƙara, wato hawan magangarar ruwa bayan sanyi ya daskarar da ita, da igiya da gatari biyu da takalmi mai haƙoran ƙarfe. A watan jiya muna dawowa daga hawa a kwarin Hyalite, sai muka bi wata turba da aka daɓe wa masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. A wata kwana wani dattijo ya gangaro da gudu ya yi karo da ni. Ni ƙuguna kawai ya bugu, shi kuwa ya gurɗe a hannu, allon zamiyarsa ɗaya ya karye. Na ba shi haƙuri, na kuma ba shi lambar wayata. Yanzu ya aiko wai in biya shi dala 6,000 ko mu haɗu a kotu. Ya ce doka ta hana tafiya da ƙafa a turbar, kuma sai ya ga an rufe wa masu hawa hanyar shiga kwarin. Shin na aikata laifi? Zai shafi bizata? Ina so kuma in ɗauki muryarsa idan ya sake kira.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da maganarka ta ƙarshe, domin ita ce za ta iya jefa ka cikin rami tun a daren nan. Kada ka ɗauki muryarsa a ɓoye. Montana tana cikin jihohin da suka haramta naɗar hira ba tare da sanin duk masu magana ba, kuma laifi ne da ake hukunci a kansa. In dole sai ka naɗa, faɗa masa tun farko cewa kana naɗa. Abin da ya fi, ka ce masa duk abin da yake nema ya rubuto.

To, batun ko ka karya doka. Hyalite yana cikin gandun dajin tarayya na Custer Gallatin, ƙasar gwamnatin tarayya ce, Hukumar Gandun Daji ta Amurka ke riƙe da ita. Tun 1960 akwai dokar da ta ce a tafiyar da irin waɗannan dazuzzuka don amfani iri-iri, shaƙatawa na ciki tare da katako da kiwo da ruwan sha da namun daji. Asali ke nan kowa yana da izinin shiga da ƙafa. Ƙungiyar da ke daɓe turba tana aiki ne da takardar izini daga hukumar, kuma irin wannan takarda a bisa al'ada tana faɗa ƙarara cewa ba ta mallaka wa mai ita wurin shi kaɗai ba. Kamar burtali ne a wajenmu: don wani ya share shi bai zama gonarsa ba.

Sai dai akwai inda maganar dattijon za ta iya zama gaskiya. Sashe na 261.50 na kundi na 36 na ƙa'idojin tarayya ya ba shugaban gandun daji ikon fitar da umarni a rubuce da zai rufe wata turba ko ya hana wani nau'in amfani da ita. Sashen da ke biye ya ce dole a manna umarnin a ofisoshin hukumar, a kuma nuna hanin yadda jama'a za su iya gani. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka je ofishin malaman daji na yankin Bozeman da taswira, ka nuna daidai inda abin ya faru, ka tambaya ko akwai umarni a kan wannan turba a wannan rana, in akwai a ba ka kwafi. Ka koma wurin ka ɗauki hoton allon da ke bakin turbar kafin a canza shi. Ka kuma karanta shi da kyau, domin allon da ya ce "don Allah a guji taka layin zamiya" roƙo ne, wanda kuwa ke ɗauke da lambar umarni doka ce. Hukuncin saɓa umarni yana iya kaiwa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun, kodayake a ƙananan abubuwa yawanci takardar tara ake ba mutum.

Nan ne bizarka ta shigo. Ƙarar neman diyya tsakanin mutum da mutum ba shari'ar laifi ba ce, ba ta soke bizar karatu. Takardar tara ta tarayya kuwa wani abu ne daban, domin biyan ta yana iya zama amsa laifi, ya shiga kundi, ka zo cike takardun shige da fice a gaba ka tarar da tambayar da za ta tsayar da kai. Ba ka ce an ba ka irin wannan takarda ba, kuma dattijon ba shi da ikon ba ka. In ta zo, kada ka yi saurin biya don ka huta, nuna wa lauyan shige da fice tukuna.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, domin a nan haɗarin yake. Ko da babu umarnin da ya hana ka bin turbar, ana iya kama ka da sakaci. Tambayar da alƙali zai yi ita ce: me mutum mai hankali zai yi a wannan wuri? Kuma al'adar masu amfani da turba tana shiga cikin amsar ko da ba a rubuta ta a doka ba. Al'adar kuwa sananniya ce: mai tafiya da ƙafa ya raɓe gefe, a jera ɗaya bayan ɗaya, kada a taka layuka biyun da motar daɓe turba ke tsagawa wa masu zamiya, kada a tsaya a kwana ko a gindin gangare. Ƙorafin masu zamiya ba son rai ba ne kawai. Ƙafa tana huda dusar ta bar rami, ramin ya daskare da dare, washegari bakin allo ya faɗa ciki mutum ya kifa. Su kuma masu hawa suna ɗauke da kaya masu nauyi, in suka sauka daga wurin da aka daɓe sai su nutse har gwiwa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, shi ya sa rigimar ba ta ƙarewa.

Shi ma dattijon akwai abin da ke kansa. Wanda ya gangaro da gudun da ba zai iya tsayawa ba a kwanar da ba ya ganin gabansa, a turbar da ya san ana bi da ƙafa, yana da nasa kason. Dokar Montana raba laifi take yi. A ɗauka asararsa dala 6,000 ce da gaske. In aka ce kashi 60 naka ne, 40 nasa, zai karɓi 3,600. In rabi da rabi ne, 3,000. In nasa ya haura naka, ko da kashi ɗaya ne, ba zai samu ko sisi ba. Don haka ƙananan bayanai su ne shari'ar: a tsakiya kake ko a gefe, ku nawa ne a jere, rana ta faɗi ko da sauran haske, akwai fitila a goshinka, ya yi ihun gargaɗi ko bai yi ba. Ka rubuta duk wannan yau, abokan tafiyarka ma kowa ya rubuta nasa shi kaɗai, da kwanan wata. In wayarka ko agogonka sun naɗi hanyar da ka bi, ka adana.

Haƙurin da ka ba shi tarbiyya ce, ban ga laifinka ba. Amma a kotu abin da ka faɗa da bakinka ana iya kawo shi a matsayin hujja a kanka, balle wanda ka rubuta. Daga yanzu kada saƙonka ya wuce fatan samun lafiya da neman rasitai: na asibiti, na allon, da shaidar kwanakin aikin da ya rasa in yana da'awar haka. Mai neman 6,000 sau da yawa takardunsa ba sa kaiwa nan.

Kana da inshorar masu haya? Ɗalibai da yawa suna biyan ta don mai gida ya tilasta, ba su san galibi tana ɗauke da kariya idan ka jawo wa wani rauni ko a waje da gida ba. In kana da ita, sanar da kamfanin a rubuce cikin makon nan, domin jinkiri yana iya zama dalilin da za su zame. In sun karɓa, su za su yi ciniki da shi, su kuma ɗauki lauya. Kada ka biya shi komai kafin ka ji daga gare su.

In babu inshora, ra'ayina shi ne sulhu, muddin bincikenka ya nuna kana da kaso. Kuɗin lauya a shari'a irin wannan yana iya cinye abin da ake faɗa a kai. Amma sulhu a rubuce, da sa hannunsa cewa ya yafe duk wata da'awa da ta taso daga wannan karo, wadda ya sani da wadda bai sani ba. In ka ba shi kuɗin allo hannu da hannu, yana da shekara 3 cur daga ranar da abin ya faru da zai iya dawowa da ƙarar rauni. In ya zaɓi kotu, wannan adadi yana cikin hurumin kotun ƙananan ƙararraki, wadda iyakarta dala 7,000 ce a Montana, kuma ba a shiga da lauya sai in ɓangarorin biyu duk suna da shi. Sammaci in ya zo kada ka ajiye shi ƙarƙashin katifa. Wanda bai amsa ba hukunci ake yanke masa a bayan idonsa.

Barazanar rufe hanya kuwa, mutum ɗaya ba ya rufe ta, amma kada ka ɗauka ba a taɓa gwadawa ba. A 2006 hukumar ta fitar da tsarin zirga-zirga na dajin Gallatin (wanda yanzu yake cikin Custer Gallatin) da zai hana motoci shiga saman kwarin da hunturu, abin da zai sa yawancin wuraren hawan su yi wa mai tafiya da ƙafa nisa. Ƙungiyar Southwest Montana Climbers Coalition ta ƙalubalanci shirin, aka yi ta zama, daga bisani aka daidaita a kan share dusar ƙanƙara daga hanyar da haɗin gwiwar ƙaramar hukumar Gallatin da hukumar dajin. A 2010 aka kafa ƙungiyar Friends of Hyalite, wadda ke tara gudummawa don aikin sharar. Har yanzu ana rufe hanyar ga motoci daga 1 ga Afrilu zuwa 15 ga Mayu. Ka lura, motarka tana isa bakin turbar Grotto Falls, inda masu hawa ke ajiye mota a saman kwarin, a Janairu ne saboda yarjejeniya da kuɗin shara, babu dokar da ta ba mai hawa ko mai zamiya haƙƙin a share masa hanya. In hukumar ta sake buɗe maganar za ta sanar, kuma a bisa tsarinta wanda ya aika ra'ayinsa a rubuce cikin wa'adi shi ke da damar ƙalubalantar hukuncin daga baya. Ba sai kana ɗan ƙasa za ka aika ba.

Kafin ka je ofishin malaman daji, leƙa ofishin taimakon shari'a na ƙungiyar ɗaliban jami'arku da saƙonnin dattijon da takardar inshorarka, domin wanda zai duba maka takardar sulhu dole ya zama lauya mai lasisin Montana.