Filin Makiyaya: Yadda Ake Ƙara wa Ƙwai Siliniyam ta Abincin Kaji

Wasiƙun wannan makon daga Gombe da Bauchi suka fi fitowa, kuma duk a kan magana ɗaya: sinadarin siliniyam, wani ma'adini da jikin mutum da na kaza ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa, da yadda ake sa shi ya ƙaru a cikin ƙwai. Likitan dabbobi da masanin haɗa abincin kaji na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kaji masu ƙwai 500 a Kumo, kuma ni nake haɗa musu abinci. Na ji ana cewa in aka sa wa kaza siliniyam a abinci yana shiga ƙwanta, har a sayar da shi da daraja. Gaskiya ne? In gaskiya ne, nawa zan sa? — Wata mai kiwon kaji, Kumo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne. Siliniyam yana cikin 'yan sinadaran da kaza ke kwashewa daga abincinta ta zuba a ƙwai gwargwadon abin da ta ci. Ƙwan da aka saba saye yana ɗauke da maikirogiram 10 zuwa 15 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). In aka gyara abincin yadda ya kamata, yakan kai 25 zuwa 30, wato ya ninka. Babban mutum yana buƙatar kusan 55 a rana, kin ga ke nan ƙwai ɗaya ya ɗauke masa rabi.

Amma kafin maganar nawa, sai an san wane iri. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai sodiyam silinait, wani gishiri ne na masana'anta, shi ne mai araha kuma shi aka fi sawa a firimis (garin haɗin bitamin da ma'adinai da ake zubawa a abincin kaji). Akwai kuma yis mai siliniyam, wanda ake renon yis a ruwan da aka zuba wa sinadarin har ya shige cikin furotin ɗinsa ya zama silinometiyonin. Bambancinsu a jikin kaza babba ne. Silinait yana biya wa kazar buƙatarta, kaɗan ya shiga gwaiduwa, ragowar ta fitar da shi a kashi. Ko kin ƙara yawansa, abin da ke shiga ƙwan ba ya tashi sosai. Shi kuwa silinometiyonin, jikin kaza ba ya bambanta shi da metiyonin, sinadarin gina furotin ɗin da kike sawa a abinci, don haka duk inda za ta gina furotin sai ta saka shi, har da farin ƙwai. Wannan ne dalilin da ya sa mai neman ƙwai mai yawan siliniyam yis zai nema. Silinait ba zai kai ki inda kike so ba sai kin matsa kusa da haddin da yake zama guba, kuma ba ma ba kowa wannan shawara.

Yanzu lissafi. A Turai doka ta ce jimillar siliniyam a cikakken abinci kada ta wuce miligiram 0.5 a kowane kilo (miligiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na giram), kuma wanda za a ƙara ta hanyar yis kada ya wuce 0.2. A Amurka abin da aka yarda a ƙara shi ne 0.3. Mu muna ganin ki riƙe ma'aunin Turai, domin ya ba ki tazara mai kyau. Sai ki tuna abincinki ba fanko yake ba: masara, waken suya, ƙuli-ƙuli da dusar alkama duk suna da nasu, gwargwadon ƙasar da aka noma su, garin kifi kuwa ya fi su duka. Firimis ma yana da shi. Ki ɗauko buhun firimis ɗin ki karanta takardar jikinsa. In misali an rubuta miligiram 120 na siliniyam a kilo 2.5, kuma kilo 2.5 ɗin kike zubawa a tan ɗaya, to kin riga kin sa 0.12 a kowane kilo na abinci. Ƙara 0.2 na yis a kai ya zama 0.32, abin da hatsi ya kawo ya hau, kina nan dai ƙasa da 0.5. In kuwa firimis ɗin ya riga ya ba da 0.3, to ko ki rage yis ɗin zuwa 0.1, ko ki nemi a haɗa miki firimis marar silinait, wanda shi ya fi.

Yis ɗin yana zuwa da ƙarfi daban-daban, 1,000 ko 2,000 ko 3,000 na miligiram a kilo, kuma a rubuce yake a jikin leda. In mai 2,000 ne, don samun 0.2 za ki auna giram 100 a tan ɗaya, giram 10 a kilo 100, giram 2.5 a buhu mai kilo 25. In mai 1,000 ne ki ninka waɗannan. Wanda ba a rubuta ƙarfinsa ba, ki bar wa mai shago kayansa komai arharsa.

Inda aka fi samun matsala shi ne wurin gaurayawa. Giram 10 ba zai taɓa bazuwa a kilo 100 ba in aka watsa shi kai tsaye aka juya da shebur. Wata kazar za ta cinye rabon goma, wasu su tashi a tutar babu. Ki sami ƙaramin sikeli mai lantarki da ke nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, irin na masu sayar da gwal. Ki auna giram 10 ɗin ki cuɗe shi da giram 100 na garin masara mai laushi a cikin roba mai murfi, ki girgiza sosai. Ki juye wannan a kilo ɗaya na gari ki sake cuɗawa, tare da firimis, gishiri, metiyonin da laisin (shi ma sinadarin gina furotin ne). Daga nan sai cikin kilo goma, sannan cikin sauran tarin. In da shebur ake juyawa, a kwashe tarin daga wuri zuwa wuri aƙalla sau huɗu a kan daɓen siminti busasshe. In injin gaurayawa na tsaye ne a bar shi ya yi minti 15 zuwa 20 bayan an zuba ƙananan kayan. Kuma kada niƙan masarar ya yi tsaki-tsaki da yawa, domin garin yana zarewa ya kwanta a gindin mazubi, kaji su tsince manyan ƙwayoyi su bar shi. Ki riƙa bari su share mazubin tas sau ɗaya a rana, da tsakar rana, kafin a zuba sabo.

Daga ranar da aka fara, siliniyam ɗin ƙwai yana soma tashi cikin makon farko, ya daidaita bayan mako uku zuwa huɗu. In kika daina, haka zai sauka. Kaji 500 suna cin kusan kilo 57 a rana in kowace tana cin giram 115, wato kilo ɗaya na yis mai ƙarfin 2,000 zai kai ki kusan wata shida. Saboda haka ki duba ranar lalacewarsa, ki ajiye shi a rufe, nesa da laima da rana, ko ku haɗa kuɗi da wasu makiyayan ku raba.

Tambaya: Ni buhun abinci nake saye wanda kamfani ya gama haɗawa. Zan iya ƙara masa? — Wani matashi daga Bauchi.

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma sai ka fara sanin abin da ke ciki, domin abincin buhu ya zo da firimis ɗinsa. Ka tambayi kamfanin ta hannun dilansu nawa ne siliniyam ɗin a kilo kuma wane iri ne. In ba ka sami amsa a rubuce ba, kada ka wuce 0.1, wato giram 1.25 na yis mai ƙarfin 2,000 a buhu ɗaya mai kilo 25, kuma ka bi matakan cuɗawar da muka zayyana wa Hajiya. Wannan abincin gari muke nufi. In mai dunƙule-dunƙule ne, garin yis ba zai kama jikinsa ba, zubewa zai yi ƙasa.

Tambaya: Lokacin zafi ina sa wa kajina bitamin E da siliniyam na ruwa, ina kuma sa bitamin C. Wannan bai wadatar ba? — Alhaji mai gona a Dadin Kowa.

Amsa: Alhaji, wannan aiki daban ne. Daga Maris zuwa Mayu, in zafin Gombe ya taɓa digiri 40, kaza takan rage ci, tana haki, ɓawon ƙwai ya yi sirara. Siliniyam da bitamin E suna aiki tare wajen kare ƙwayoyin jiki daga lalacewar da irin wannan wahala ke jawowa, shi ya sa maganin ruwan yake taimakawa na 'yan kwanakin da aka rubuta a jikinsa. Sai dai yawanci silinait ne a ciki, kuma ba kullum ake ba da shi ba, don haka ba zai ba ka ƙwai mai tsayayyen adadi ba.

Abu biyu za ka kiyaye. Kada ka zuba silinait da bitamin C a tanki ɗaya: bitamin C yana mayar da shi wani jan gari da hanjin kaza ba ya iya tsotsa, kuɗinka ya tafi a banza. Ka ba da ɗaya da safe, ka wanke mashaya, ka ba da ɗayan da yamma. Na biyu, a zafi kaza tana iya shan ninkin ruwan da ta saba sha, wato tana shan ninkin maganin. In ka riga ka sa yis a abinci, to ka bar na ruwan sai likita ya ce a bayar.

Tambaya: Wani ya ba ni farin gari ya ce siliniyam ne, ina zuba cokalin shayi ɗaya a kowane buhu biyu. Yanzu ƙwai ya ragu, wanda na sa a injin ƙyanƙyasa kuma yawanci ya mutu a ɓawo, wasu tsakin sun fito da karkataccen baki. Me ya faru? — Wani makiyayi, Azare.

Amsa: Malam, ka tsayar da wannan abincin yau ɗin nan, kada ka jira ya ƙare. In garin nan sodiyam silinait ne tsantsa, kusan kashi 45 cikin ɗari nasa siliniyam ne, giram ɗaya tak ya ishi tan ɗaya da rabi na abinci. Cokalin shayi ya kai giram biyar ko fiye, ka zuba shi a kilo 50. Ka ninka abin da ake so sau fiye da ɗari. Da zarar abinci ya haura miligiram 5 a kilo ƙyanƙyasa take fara lalacewa, a wajen 10 kuwa da ƙyar tsako ke fita. Alamun da ka faɗa su ne aka sani tun shekarun 1930 a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, inda ƙasar noma ke da siliniyam mai yawa: tsako ya mutu a ɓawo, ko ya fito babu ido, baki a karkace, gashi a murɗe. Manyan kajin kuma su ƙi ci, su rame, ƙwai ya ja baya.

Ka canza musu abinci mai tsabta, ka wanke mazubi, ka wadata su da ruwa. Ƙwan da suke yi yanzu kada a ci, kada a sayar, kada a ba almajirai ko maƙwabta da sunan sadaka. A haƙa rami a binne. Kazar da ta mutu ma haka. Ka ɗebi kamar rabin kilo na abincin da ragowar garin a leda daban-daban, ka kai wa likitan dabbobi tare da ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba, shi zai san ko a tura Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Gwajin yana da muhimmanci, domin zafin inji da ya wuce kima da masarar da ta yi fumfuna su ma suna kashe tsako a ɓawo. In siliniyam ne, kajin da suka tsira sukan dawo daidai cikin 'yan makonni, likitan ne zai gaya maka ranar da za a koma cin ƙwan. Garin kansa guba ne ga mutum, ka kulle shi inda yaro ba zai kai hannu ba, kada kuma ka taɓa shi ba safar hannu.

Tambaya: Irin wannan ƙwan magani ne? Mai ciki da yara za su iya ci? — Wata uwa, Bajoga.

Amsa: Abinci ne, Malama, ba magani ba, kuma duk wanda ya ce miki yana warkar da wata cuta kada ki yarda. Jiki yana amfani da siliniyam wajen garkuwarsa da aikin ƙululun maƙogwaro. Rashinsa mai tsanani shi ya haddasa ciwon zuciyar da aka sani a yankin Keshan na ƙasar Sin, ƙasar Finlan kuwa tun 1984 take zuba shi a takin zamani saboda ƙarancinsa a gonakinta. Mai ciki tana buƙatar maikirogiram 60 a rana, mai shayarwa 70, yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku 20. Iyakar da aka sa wa babba a Amurka 400 ce, wa ƙaramin yaron kuma 90. Ƙwai ɗaya ko biyu masu 30 bai kai nan ba, dafaffe ko soyayye. Wanda ke shan ƙwayar siliniyam ta kanti shi ne zai lura, domin yawansa yana zubar da gashi, ya farfasa farce, numfashi ya riƙa warin tafarnuwa.

Tambaya: In na yi duk wannan, zan iya rubuta "mai siliniyam" a jikin kiret? — Mai rarraba ƙwai a kasuwar Muda Lawal, Bauchi.

Amsa: Ido ba ya gane shi, Malam: launin gwaiduwa, girma da ɗanɗano duk ba sa canzawa, don haka hujjarka kaɗai ita ce takardar gwaji. Bayan mako huɗu da fara ciyarwa, a tsinto ƙwai goma zuwa goma sha biyu daga sassa daban-daban na ɗakin kajin, a haɗa da wasu na gonar da ba ta ƙara komai ba don a kwatanta. A kai ɗakin gwajin da ke da na'urar auna ma'adinai 'yan mitsi-mitsi. Sashen kimiyyar dabbobi na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika, kusa da Zariya, za su iya nuna maka inda ake yi. Ka ce a ba ka sakamakon a maikirogiram na kowane ƙwai, fari da gwaiduwa a haɗe, ba gwaiduwa kaɗai ba, tunda yis a farin ƙwai ya fi zuba nasa. A maimaita gwajin duk lokacin da aka canza firimis ko aka sayo masara daga wani yanki. Rubuta wata fa'ida ta gina jiki a kan kayan abincin da aka ƙunshe kuwa yana ƙarƙashin dokokin NAFDAC, sai ka je ofishinsu na jiha da takardar gwajin kafin ka kai wa mai buga lakabi.