Kun Tambaya, Mun Amsa: Naman kazan da ke fitowa a kashin shanu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a unguwar Garin Malam, Damagaram. Tun da damina ta kankama ɗana ke bin abokansa gonakin hanyar Mirriya suna tsinto naman kaza, har mun yi miya da shi. To sai na ji suna ƙus-ƙus wai akwai wani ƙarami da ke fitowa a kashin shanu, mai sa maye. Yaya ake bambanta su? Kuma hukuma na kama mutum a kansa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Wanda iyayenmu suka saba ci shi ne na jikin suri, wanda masana ke kira Termitomyces. Gara ce ke renonsa a cikin gidanta, shi ya sa in an tona a hankali za a ga doguwar jijiya ta nutsa cikin surin. Amma fari da faɗin laima ba shaida ba ne. Akwai laimar kwaɗi mai kama da shi, tana fitowa a fili cikin ciyawa. A yanke kanta a kife a farar takarda ta kwana. In garin da ya zuba kore-kore ne, wannan ce mai sa amai da zawo cikin awa 1 zuwa 3.

Wanda na fi tsoro shi ne dangin Amanita, mai ƴar jaka a gindi. Sai bayan awa 6 zuwa 24 ciwo ke tashi, ya lafa har a ce an warke, alhali hanta na lalacewa. Dahuwa ba ta kashe dafinsa, shanya ma haka. Zancen wai in akuya ta ci mutum ma zai ci, a bar shi.

Na kashin shanun kuwa gaskiya yaran suka faɗa. Wasu na ɗauke da sinadarin silosaibin, kuma jikinsu kan yi shuɗi in an murza. Yana sa gane-gane da firgita, kusan yadda kika san zaƙami na yi wa samari. Ƙananan masu ruwan ƙasa kuma sun yi kama da juna ƙwarai, har da masu kisa a cikinsu.

Batun doka: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa silosaibin a rukunin farko na haramtattun abubuwa, kuma Nijar na cikinta. A gida, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 na hukunta mallaka da sha. Ingila ma ta haramta ko da ɗanyen naman kazan mai sa maye tun 2005. Ni dai ba zan so ɗanki ya tsaya gaban ƴan sandan OCRTIS, masu yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da hujjar "a daji na tsinta" ba.

Ki hana shi tsinta sai da dattijon da ya san na suri. In kuwa wani ya ci har ciki ya murɗa, kada a tsaya jiƙo ko madara. A nufi babban asibitin Damagaram da ragowar naman kazan a cikin takarda, ba leda ba, don likita ya gani.